Zobon ki bai yi laifi ba, abincin da kika haɗa shi da shi ne

Wata ƙanwata ce ta turo min wannan saƙon daga wani ƙauye ta wajen Gumel, ta ce in sakaya sunanta. Ga abin da take cewa a taƙaice:

"Assalamu alaikum Anti. Ni amarya ce, wata na bakwai kenan a ɗaki. Gidan su maigidana manoman zobo ne, shi kuma yana son zobo mai kauri wanda yake kama baki, suga kaɗan. Ran Juma'a Inna, mahaifiyarsa, ta shigo sashena da ƙannenta biyu, nayi musu faten tsaki da yakuwa na zuba attaruhu sosai, na kawo da irin zobon da nake masa. Sau ɗaya ta kurɓa ta ajiye kofin tace wannan ai ruwan bagaruwa ne, fata za'a jeme? Faccalolina suka kwashe da dariya. Tun ranar ban ƙara ɗora zobo ba, in ya tambaya sai ince babu suga. Ga Babbar Sallah ta matso kuma a sashena zai sauki baƙinsa. In haƙura da zobon ne in sa a sayo lemon kwalba, ko in cika masa suga da filebo irin na 'yan talla?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko dai sannu, Allah ya ba ki haƙuri. Na san zafin a yi maka dariya a cikin ɗakinka kan abin da ka tashi tun hantsi kana wahala a kai, balle amarya da har yanzu idon kowa na kanta, irin wannan maganar sai ta kwana uku tana dawo maka a kunne. Amma dan Allah kar ki jefar da tukunyar zobonki, kar kuma ki maida shi ruwan alawa. Ni a fahimtata zobon nan bai yi laifi ba, fate mai yakuwa da attaruhu ne bai kamata ya zauna kusa da shi ba, kuma zan faɗa miki dalili dalla-dalla dan ki gane abin da kanki, ba wai ki haddace jerin abinci ba.

Kinsan Inna ba ta yi nisa da gaskiya ba da ta ambaci bagaruwa? Abubuwa biyu ne a cikin zobo mai kauri da mutane suke haɗawa su kira da suna ɗaya, akwai tsami akwai bauri, kuma ba ɗaya ba ne. Tsami shi ne wanda yake tsinka miki yawu ya kashe haƙora, irin na tsamiya da lemon tsami. Bauri kuwa shi ne na goro, na ɗanyar kanya, na yazawa, na shayin da aka bari ganyen ya daɗe a buta, wanda zaki ji harshe ya bushe yayi kaushi kamar an goge shi da tsumma. Abin da yake kawo shi wani sinadari ne da masana suke kira tanin, kuma shi ne dai a cikin bagaruwa wanda majema a Kano suka daɗe suna jeme fata da shi tun kaka da kakanni, sunan ma a harshen Turawa daga sana'ar jima ya samo asali. Yadda yake kama fatar akuya ya ƙarfafa ta, haka yake kama sinadarin da yake sa yawunki santsi, sai santsin ya ɗauke na ɗan lokaci, shi ne kike jin baki ya ɗaure. A zobo tsamin ya fi yawa nesa ba kusa ba, baurin kaɗan ne in an kwatanta da bagaruwa ko baƙin shayi, amma in aka daɗe ana tafasa shi, aka zuba kanumfari da yawa, shi ma kanumfarin yana da nasa tanin ɗin, sai su taru su yi ƙarfi.

Toh yanzu dubi abin da kika ajiye a gabansu. Yakuwa ai ita ce uwar zobo, tsiro ɗaya ne, ganyen shi ne yakuwa, jan kwanson da ke rufe da 'ya'yan shi ne zobo, 'ya'yan kuma su ne gurguzu da ake daddawar batso da su. Kenan tsami kika ba su a kwano, kika sake ba su tsami a kofi. Sannan faten tsaki abinci ne mai ruwa-ruwa wanda ba shi da wani maiƙon kirki da zai tare wa baki, ga attaruhu ya riga ya ƙona harshe, shi kuma harshen da yaji ya taɓa komai ya biyo baya sai ya ji shi ninki biyu. Ko ni aka ba wannan haɗin zan ajiye kofin, balle tsohuwa da wataƙila haƙoranta sun fara girgiɗi ko tana fama da olsa ba ta faɗa wa kowa ba.

Maganin bauri maiƙo ne da nama da ɗan gishiri. In kin riƙe wannan kin gama. Idan akwai kitse ko mai a baki, yana shafe harshe ya rage wa tanin wajen kamawa, naman kuma shi ma yana ɗauke wani kaso na tanin ɗin ya bar miki yawunki, gishiri yana danne ɗaci-ɗacin da ke biyo baya. Shi kuma zobon sai ya rama alheri, ya wanke maiƙon da ya daskare a ganɗa, lomar gaba ta zo miki sabuwa kamar ta farko. A shekarar 2012 wasu masu bincike a Amurka sun gwada wannan, suka riƙa ba mutane busasshen nama mai kitse suna kurɓar shayi a tsakani, wasu lokutan kuma ruwa, suka ga shayin ya fi ruwa rage jin maiƙo a baki. Turawan Faransa da Italiya masu shan jar giyar inabi su suka fi kowa surutu a kan wannan maganar, dan tasu tanin ɗin daga ɓawon inabi da ƙwallonsa take fitowa, shi ya sa suke haɗa mai ƙarfin da jan nama mai kitse da tsohon cuku. Mu wannan ba abin shanmu ba ne, Allah ya haramta mana kuma ya musanya mana da halal a gonakinmu, amma bakin ɗan Adam ɗaya ne ko a ina yake, abin da tanin ke yi wa harshe a can shi yake yi a Gumel.

Mu ma ai mun san abin tun ba'a rubuta ba. Ina tuna kakata a ƙauyenmu ran kashegarin Sallah, tana zaune kan kujera 'yar tsugune gaban kasko tun safe ana suya, kitsen rago yana tsartsatsi, hannunta duk maiƙo har gwiwar hannu. A gefenta akwai wani ƙaramin tulu da ta jiƙa zobo tun dare, ba suga sai ɗan guntun mazarƙwaila. In ta tsamo tsoka ɗaya mai kitse a jiki ta barbaɗa gishiri ta ci, sai ta ɗaga ludayi ta kurɓa sau biyu ta ci gaba da juya kasko. Mu yara in muka sha zobon nan haka kawai sai mu yamutsa fuska mu gudu, amma in ta fara ba ka naman sannan ta miƙo ludayin, wallahi sai ka ji kamar wani abin sha daban aka canza, har wani zaƙi-zaƙi yake fitowa daga ƙarshe wanda ba ka san yana ciki ba.

Dan haka Babbar Sallar nan da kike tsoro ita ce ranar da zobon ki zai fi kowace rana yin kyau. Soyayyen naman layya da aka soya da kitsensa, shi ne na ɗaya. Balangu mai ɗan kitse a gefe, tsire da ya sha ƙuli da man gyaɗa, farfesun kai da ƙafa wanda romonsa yake manne leɓe, kayan ciki da aka soya da albasa, duk waɗannan suna ɗaukar zobo mai kauri ba tare da kin ƙara ko cokali ɗaya na suga ba. In waina zaki yi, ki yi ta da miyar taushe mai tantaƙwashi da gyaɗa da kabewa, ki zuba man shanu a kai, amma a ranar ki ja hannu da yakuwa, ki bar alayyahu ya yi aikin ganye. Yaji kuma ki ajiye shi a gefe a ɗan kwano kowa ya ɗiba daidai bakinsa, kar ki narka attaruhu a tukunya. Dambun nama yana tafiya da shi in bai bushe ƙayau ba. Kilishi ne nake ɗan ja da baya, dan a bushe yake ga yaji, in kika bi shi da zobo mai bauri bushewa biyu ce ta haɗu.

Na san ba kullum ake yanka ba, nama a ƙauye sai ran kasuwa, wani satin ma sai dai a ji ƙamshi a maƙota. Wannan ba zai hana maigida shan zobonsa ba. Gurasa bandashe da ta sha ƙuli da mai, ƙosai mai zafi, alale da manja, awara soyayya, ɗanwake da aka zuba wa soyayyen mai da albasa, shinkafa da wake da mai, kai ko soyayyar gyaɗa mai gishiri ko ƙuli-ƙuli kika ajiye masa a faranti kusa da kofin, sun wadatar. Duk abu ne mai maiƙo mai riƙe baki.

Waɗanda zaki raba shi da su kuwa, kin riga kin ga ɗaya. Duk abin da tsami ne jigonsa, faten yakuwa, kwaɗon rama, kunun tsamiya, miyar zobo fari, a bar su su kaɗai da ruwan randa. Fura da nono ma kar ki haɗa su zama ɗaya da zobo, in kina so ki gani da idonki ɗiga madara a ɗan zobo a kofi, nan take zata tsinke ta yi gudaji saboda tsamin. Kayan zaƙi irin alkaki da nakiya da dubulan mutane suna zaton sun dace, ni ban yarda ba, in baki ya sha zuma ko suga sai zobon da ya biyo baya ya koma tsami zalla, duk ƙamshinsa ya ɓace. Kifi kuma ya danganta, soyayyen kifin Haɗeja da ya soyu rumus yana tafiya da zobo sassauƙa, amma farfesun kifi da zobo mai kauri ni dai ƙarni yake taso min.

Sai dahuwar kanta, dan ina zargin kina barin sa a wuta ya yi ta tafarfasa ana zaton haka ne zai yi ƙarfi. Ga yadda nake yi. Kofi biyu na busasshen zobo ga ruwa kamar lita huɗu. Ki wanke shi da ruwan sanyi da sauri sau biyu saboda yashi, kinsan a ƙasa ake shanya shi, amma kar ki bari ya jiƙu dan launin yana bin ruwan wankin. Ki tsince duk wani gurguzu da kara da ya maƙale. Ki tafasa ruwan da dakakkiyar citta da kanumfari ƙwaya biyar ko shida, ba cikin hannu ba, sai ki sauke, sannan ki zuba zobon ki rufe minti 15 zuwa 20 ki tace. Wannan tatar farko ita ce ta maigida da masu cin nama. Ki sake zuba ruwan zafi kan dusar ki tace karo na biyu, wannan sassauƙa ne, shi zaki sa wa dabino ko ruwan kankana ko ɗan suga ki ba tsofaffi da yara. Jug biyu kenan daga zobo ɗaya, ba ki ƙara kashe ko naira ba. In kuma kina so ya fi haka laushi, ki jiƙa shi a ruwan sanyi ya kwana a rufe, ruwan sanyi ba ya janyo bauri kamar wuta.

Abu ɗaya da nake roƙonki, kar ki bar zobo ya kwana a tukunyar dalma ko ta ƙarfe. Tsamin yana cin tukunyar, da safe sai ki ji wani ɗanɗanon ƙarfe a harshe wanda ba sugan da zai ɓoye shi. Kina tacewa ki juye a roba mai tsabta ko tulu. Kanwa kuma da wasu suke jefawa dan kashe tsami, tana kashewa ɗin gaskiya, zaki ga jan ya juye ya koma baƙi-baƙi dan launin zobo yana canzawa da zarar tsamin ya ragu, amma in hannu ya zarce kaɗan sai ya koma lami mai ɗanɗanon sabulu. Ni gara in ƙara ruwa. Batun sanyi ma kar ki damu da rashin wuta ko firij, sanyin randa ya fi masa ƙanƙara, sanyi mai yawa yana ɓoye zaƙi ya fito da kaushin, ga kuma ƙanƙarar kasuwa ba ki san da wane ruwa aka yi ta ba.

Filebo da kalar 'yan talla da kika ambata, haba ƙanwata, a gidan manoman zobo? Jigawa ce kan gaba wajen noman zobo a ƙasar nan, ki je kasuwar Maigatari ran Alhamis lokacin kaka ki ga buhuna jibge ana lodi, wani ya bi ta Dawanau, wani sai tashar jirgin ruwa ta Legas har Meziko, inda suke shan sa suna kiransa ruwan Jamaika. A Masar da Sudan karkade ne, a Senegal bisaf, a Gana sobolo. Abin da duniya ke biyan dala ta saya shi ne a rumbun surukinki, sabo, ba wanda ya shekara a sito ba. Ki rufe wannan da filebon kwalba ai asara ce. Kuma maigidanki da yake son suga kaɗan, kar ki canza masa, lafiyarsa yake tattali ko da bai sani ba.

Tunda na taɓo lafiya bari in faɗi abu biyu da ya kamata ki sani. Zobo yana sauke hawan jini kaɗan, a 2010 an wallafa wani bincike na jami'ar Tufts a Amurka kan mutum 65, waɗanda suka sha kofi uku kullum har sati shida lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7. Wannan ba ya nufin a ajiye magani a kama zobo, amma in Inna tana kan maganin hawan jini kuma tana sha kullum, yana da kyau likitanta ya sani. Ke kuma amarya ce, in Allah ya kawo rabo ki rage mai kaurin nan sosai har sai kin tambaya a wajen awo. Kar ki biye wa masu cewa jan sa ƙarin jini ne, launi ne kawai. Tanin ma, musamman na baƙin shayi, yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, shi ya sa mai ƙarancin jini ake so ta ba da tazarar kamar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi.

Yanzu maganar da ta fi zobon nauyi. Ki daina ce wa mijinki babu suga. Ƙaramar ƙarya ce amma irin ta ce take buɗe ƙofa, ranar da ya gano akwai suga a gwangwani zai fara tunanin me kuma ake ɓoye masa. Ki zaunar da shi bayan isha ki faɗa masa abin da ya faru yadda ya faru, ba da sigar kai ƙarar mahaifiyarsa ba, ki ce kin ji kunya ne shi ya sa kika janye. Kar ki nemi ya je ya yi mata magana, hakan zai maida abin faɗa alhali ba faɗa ba ne. Faccalolin kuwa ki share, kar ki canza musu fuska, ki gaishe su yadda kika saba, ba wadda a cikinsu ba'a taɓa kushe wa girki ba a shekararta ta farko.

Inna kuma ni ina ganin ba ƙiyayya ba ce, tsofaffinmu na ƙauye haka bakinsu yake, magana ɗaya ce su yar su wuce sun manta, kai kana nan kana juya ta. Ban ce ta kyauta da ta faɗa gaban mutane ba, bata kyauta ba. Amma matar nan ta shekara nawa tana ɓare zobo da hannunta duk kaka har ƙaiƙayinsa ya saba da fatarta, ta san wanda ya fi tsami tsakanin ja-wur ɗin da mai duhun, ta san na wace gona ya fi, abin da ni daga nan ba zan iya faɗa miki ba. Kafin Sallah da kamar sati ɗaya, ki zaɓi lokacin da take ita kaɗai, bayan la'asar haka, ki haɗa tata biyun nan a kofi biyu, ki soya ɗan nama ko da na ɗari biyar ne ko ƙosai mai zafi, ki rufe a kwano ki kai mata ɗakinta. Ki durƙusa ki gaishe ta ki ce Inna rannan na ga zobon bai miki ba, ga shi na sake gwadawa iri biyu, dan Allah ki ɗanɗana ki nuna min yadda ake yin na gidan nan kafin baƙi su zo. Ki fara miƙa mata kwanon ta ci, sannan kofin sassauƙan, mai kaurin ya zo a ƙarshe. Duk gyaran da ta ce, ko da ƙwayar kanumfari ɗaya ce ta ce a cire, ki yi shi ran Sallah, in baƙi sun yaba ki ce Inna ce ta nuna min.

In kin gwada ki rubuto min yadda kuka yi, ki kuma tambayar min ita ko da dankali take kashe tsamin nata ko da mazarƙwaila, dan a wajenmu dankalin Hausa ake dafawa a tace a ciki, ina so in ji ko ta wajen Gumel ma haka ne. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kai mu Sallar da rai da lafiya.